Yadda Makafi Suka Ƙago Wa Kansu Rubutu

A shekara ta 1771 aka ci wata babbar kasuwa ta shekara-shekara a birnin Faris ta ƙasar Faransa. A cikin abubuwan kallo na kasuwar har da waɗansu makafi da aka ɗebo daga gidan makafi na birnin. Aka sa musu dogayen huluna na ba'a da tabarau na kwali, aka ba su kayan kiɗa, aka ajiye takardun waƙa a gabansu, sai ka ce suna karantawa. Su kuwa ba wanda ya taɓa koya musu kiɗa. Suna ta goge-goge ba daɗin ji, jama'a suna ta ƙyalƙyala dariya.

A cikin 'yan kallo akwai wani saurayi mai aikin tafinta, sunansa Valentin Haüy. Shi abin bai ba shi dariya ba. Ya koma gida ransa a ɓace, ya ƙudura a zuciyarsa sai ya ga ranar da makaho zai yi karatu na gaskiya a gaban jama'a.

Sai a 1784 ya sami hanyar farawa. Ya tarar da wani yaro makaho, François Lesueur, yana bara a ƙofar wata majami'a. Yaron bai iya barin bara ba, domin da ita gidansu suke ci. Haüy ya yarda zai riƙa biyansa abin da yakan samu a bara, shi kuwa ya zauna ya koyi karatu. Dabarar da ya yi amfani da ita ita ce a danna haruffa a kan takarda mai kauri har su taso, yadda yatsa zai shafa ya gane su. Ba da daɗewa ba aka sami makaranta, a ƙarshen 1786 kuma almajiranta suka je fadar Sarki Louis na 16 suka yi karatu da lissafi a gabansa.

Wannan babban abu ne, amma da sauran aiki. Haruffan manya ne ƙwarai, littafi guda yakan zama kaya guda, ga tsada. Yatsa yakan daɗe yana bin lanƙwasar harafi ɗaya, kafin yaro ya kai ƙarshen jimla ya manta da farkonta. Babbar matsalar kuwa ita ce, makaho yana iya karanta abin da masu ido suka buga masa, amma ba shi da hanyar rubuta nasa tunanin ya koma ya karanta da kansa.

An haifi Louis Braille ran 4 ga Janairu 1809 a ƙauyen Coupvray, gabas da Faris. Mahaifinsa baduku ne, mai yin sirdi da linzami. Yana ɗan shekara 3 ya shiga wasa da kayan aikin uban, wani ƙarfe mai tsini ya soke shi a ido. Ciwon ya kama ɗaya idon, kafin ya cika shekara 5 ya makance sarai. A 1819, yana da shekara 10, aka kai shi makarantar nan da Haüy ya kafa.

A 1821 aka kawo wa makarantar wata sabuwar dabara ta wani tsohon hafsan soja, Charles Barbier. Shi ya bar siffar haruffa gaba ɗaya, ya koma ga ɗigo-ɗigo masu tasowa, waɗanda ake hudawa da ɗan tsinken ƙarfe. Yara suka yi murna, gama yatsa ya fi saurin gane ɗigo a kan layi mai lanƙwasa, kuma ga shi suna iya rubutawa da hannunsu. Sai dai alama guda takan kai ɗigo 12, kan yatsa ba ya rufe ta a taɓawa ɗaya.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Braille ya san abin da yatsa yake iyawa, domin da yatsa yake karatu. Ya yi ta gwaji da dare bayan an kwanta, da lokacin hutu a gida. A 1824, yana da shekara 15, ya rage ɗigon zuwa 6: uku a tsaye ta hagu, uku ta dama. Daga waɗannan shida ana fitar da alamu 63, sun isa haruffa da lambobi da alamun tsayawa, har da rubutun kiɗa, gama shi kansa gwanin kiɗa ne, daga baya ya riƙa yin kiɗa a majami'a a Faris. Kayan aikin kuma ba su da yawa: ɗan allo mai ramuka, da tsinke, da takarda. Ya buga bayanin tsarin a 1829, ya sake gyara shi a 1837.

Mai karatu zai zaci nan da nan aka rungumi abin. Ba haka aka yi ba. A 1840 aka naɗa sabon shugaban makaranta, Pierre-Armand Dufau, ya hana amfani da rubutun. Malamai masu ido da yawa suna ganin idan makafi suka sami rubutun da ya bambanta da na sauran mutane za su ƙara ware kansu. Akwai kuma tsoron kada a wayi gari makafi suna koya wa junansu, aikin masu ido ya ragu. Aka ƙwace alluna da tsinkaye. Yara suka koma hudawa da ƙusa, da cokali mai yatsu, da allurar saƙa. Manya suna koya wa ƙanana a ɓoye, ana horonsu, ba su bari ba.

Mataimakin shugaban, Joseph Guadet, ya lura da haka, ya shawo kan maigidansa. Ran 22 ga Fabrairu 1844, da aka tara jama'a domin buɗe sabon ginin makarantar, Guadet ya tashi ya yi bayanin tsarin, ya ambaci sunan wanda ya ƙago shi. Sa'an nan aka yi gwaji. Aka fitar da wata ɗaliba waje, wani daga cikin baƙi ya faɗi baitocin waƙa, wata ɗaliba ta huda su a takarda. Aka shigo da ta wajen, ta ɗora yatsunta, ta karanta su daidai. Shekara 73 ke nan bayan dariyar kasuwa, a cikin birni guda.

Braille bai daɗe ba bayan wannan. Ciwon tarin fuka ya ci ƙarfinsa, ya rasu ran 6 ga Janairu 1852 yana da shekara 43. Sai a 1854 hukuma ta amince da rubutunsa. A 1878 wani taro na ƙasashe da aka yi a Faris ya zaɓe shi ya zama rubutun makafi na ko'ina. A 1952 aka ɗauke ƙasusuwansa zuwa inda ake binne manyan mutanen Faransa, amma aka bar ƙasusuwan hannuwansa a ƙauyensu.

Rubutun ya iso Afirka ta Yamma ta hannun 'yan mishan. An buɗe makarantar makafi a Akropong ta ƙasar Gana a 1945, aka buɗe ta Gindiri a 1953. Ƙasar Hausa kuwa ba baƙuwa ba ce ga hikimar makafi. Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, makaho ne, da ka ya tsara baitocinsa, waɗansu suka rubuta masa. Abin da ɗigo shida suka ƙara shi ne, makaho ya rubuta da hannunsa, ya ajiye, ya koma ya gyara, ba sai ya jira kowa ba.

Tarihin nan yana da tambaya ga kowace jama'a. Haüy mutumin kirki ne, ya buɗe ƙofa, amma ya auna bukatar makaho da idon mai gani. Gyaran ya fito daga yaro ɗan shekara 15, yara kuma suka kare shi da ƙusa da allura. In an shirya taron karatu ko na waƙa a unguwa, ko a makaranta, ko a ikilisiya, ba ya isa a ba makaho da gurgu da kurma wurin zama a gefe. A tambaye su abin da suke bukata, a sa sunansu cikin masu tashi su karanta, a kuma ba su wuri cikin masu shirya taron.