Wa Ke Ɗauke da Bikin Ruwa? Darasi Daga Argungu

'Yan uwa mata, tunda ranar tuna kafuwar ƙungiyarmu ta zagayo, bari mu leƙa tarihin wani biki da ya daɗe, mu ga su wa suka riƙe shi. Mu ma nan Gwarzo da Kabo muna da ruwa: ga madatsar Guzuguzu, ga Magaga, ga Pada, ga kuma Challawa a Karaye da aka kammala a 1992. Amma bikin ruwa da ya yi suna a ƙasar Hausa shi ne na Argungu, a jihar Kebbi.

Asalinsa sulhu ne. Kabawa da Sakkwatawa sun daɗe suna gaba. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa kamun kifi don girmamawa. Daga nan abin ya zama al'ada a kogin Matan Fada. Ban da su da homa da gora, akwai wasan Kabanci: tseren kwale-kwale, ninƙaya, kamun agwagwa da kamun kifi da hannu.

To wa ke biya? Da farko fada ce da masunta. Sarkin Ruwa ke kula da kogin, a hana kamun kifi a wurin har ranar biki, don kifi ya girma. Daga baya gwamnati ta shigo, sannan manyan kamfanoni irin su MTN suka riƙa ɗaukar nauyi, suna kafa allunan talla. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Sai dai duk da sunan nan, bayan na 2009 biki ya tsaya cak, ba a sake yi ba sai Maris 2020. Shekara goma cur! Su wa suka fi jin jiki? Kamfani dai ya kai tallarsa wani gari. Mai tuwo, mai fura, mai bandar kifi, masassaƙin jirgi, su ne cinikinsu ya tafi. Amma su ɗin ne suka zauna, suka riƙe sana'ar, shi ya sa da aka dawo aka tarar da masu jirgi da masu homa. A shekarar an kamo giwan ruwa mai kilo 78.

Mu 'yan kasuwa mun san wannan lissafin. Kuɗin baƙo na rana ɗaya ne, adashi kuwa kullum yana nan.

Akwai kuma abin da ya fi ciniki. Ba mu manta da Nuwamba 2021 ba, lokacin da jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya. Lodi ya yi yawa. Allah ya jiƙansu.

Don haka in wata rana aka ce za a yi wasan jirage a ruwanmu, kada mu tsaya jiran kamfani. Mu zauna da masunta da masu gari tun farko. Mu nemi rumfunan mata a rubuce. Gudummawarmu kuwa ta fara da rigunan kariya daga nutsewa, da sharaɗin ƙidaya fasinja kafin jirgi ya tashi. Yaƙi da jahilci ya koya mana karanta takarda kafin mu sa hannu. To mu yi aiki da shi.

Allah ya ƙara haɗa kanmu.