Rajistar Talakawa ta Ƙasa: Mece ce, kuma yaya ake shiga?

Duk sanda aka fara raɗe-raɗin rabon tallafi, tambayar da 'yan uwa ke yi mini a Agege da Idi-Araba ɗaya ce: "Malam, wai ina ake rubuta suna?" Bari in faɗi abin da na sani.

Rajistar nan, wato NSR, kundi ne na gidaje marasa galihu da ofishin NASSCO ke kula da shi tun kafuwarsa a 2016. Kowace jiha na da nata ofishin, SOCU, shi ke tattara sunaye ya tura Abuja.

A tsarin, ba fom ake saya ba. Jami'ai kan zo unguwa, su tara maza da mata da matasa daban-daban, jama'a da kansu su fayyace waye mabuƙaci a cikinsu. Daga nan a bi gida-gida ana tambayar yawan iyali, sana'a, irin muhalli da abin da aka mallaka, sai kwamfuta ta jera gidajen gwargwadon buƙata.

Amma fa a lura, shiga rajista daban, samun kuɗi daban. Daga kundin ne kowane shiri ke zaɓar waɗanda zai biya. Haka aka yi da naira 5,000 a wata zamanin Buhari, da kuma naira 25,000 a wata har tsawon wata uku da Tinubu ya ƙaddamar a Oktoban 2023 don gidaje miliyan 15, inda ake tantance mutum da NIN ko BVN.

Matsalarmu mu mazauna kudu ita ce, a inda mutum yake zaune ake rubuta shi. Ɗan dako ko mai wankin takalmi da ke kwana a shago, in aka zo yana wurin nema. A garinsu kuma ba ya nan. Sai ya tashi ba tsuntsu ba tarko.

Shawarata: kowa ya yi NIN, ya tabbata sunansa ɗaya ne da na banki, kada ya yar da layin wayarsa. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su je ofishin SOCU na jiharsu su tambayi ko an taɓa zuwa unguwarsu. Wanda kuma ya ce ka ba shi kuɗi ya sa sunanka, ko ya nemi lambar sirrin katinka, ɗan damfara ne.

Allah Ya rufa mana asiri.