Bikin Grand Portage: inda ake tuna zamanin fataucin fatu a Amurka

Ƴan uwa da ke zaune Amurka ko Kanada kan turo hotunan mutane cikin tufafin kakannin kakanni, suna girki da itace bakin wani babban tabki, a yi ta tambayar ko fim ake ɗauka. Ba fim ba ne. Biki ne da ake yi kowace shekara a ƙarshen mako na biyu na watan Agusta, lokacin da mu nan damina ta yi tsaka, su ko can suna cikin ɗan gajeren zafinsu. Wurin shi ne Grand Portage, a jahar Minesota, bakin tabkin Superior, dab da iyakar Kanada. Sunan bikin Rendezvous, wato rande-bu ɗin nan da muka sani a Faransanci: haɗuwa.

Asalin zancen wata dabbar ruwa ce da Faransawa ke kira kastor. Ta fi gafiya girma nesa, wutsiyarta faffaɗa, tana sare itace da haƙori tana datse rafi. Da gashinta mai laushi ake yin malafar da manyan Turai ke ƙawa da ita, don haka fatarta ta zama kuɗi. Ƴan asalin ƙasar, irin su Ojibwe da Kiri, su ke farauta, matansu su gyara fatun. Turawa kuma su kawo barguna, tukwanen ƙarfe, wuƙaƙe, bindigogi, duwatsun ado, taba da giya.

Hanyar duk ruwa ce, amma kogin Pigeon yana da gangare da duwatsu kusa da inda yake faɗawa tabki, jirgi ba ya bi. Sai a sauke kaya a kewaye da ƙafa, tafiyar wajen kilomita 14. Ojibwe sun daɗe suna bin wannan turba, suna ce mata Gichi Onigaming, babban wurin dakon kaya. Bafaranshe La Vérendrye ya iso nan a 1731, daga baya kamfanin North West na birnin Montreal ya kafa babban zangonsa a wurin cikin shekarun 1780.

Masu tuƙin jiragen su ake kira voyageurs, yawancinsu talakawan Kanada masu jin Faransanci. Kashi biyu ne. Na Montreal suna tasowa da ƙanƙara ta narke, cikin manyan kwalekwale na ɓawon itace masu tsawon mita 11, ɗauke da hajar Turai. Na arewa, waɗanda suka ci sanyi can cikin daji, suna gangarowa da fatu cikin ƙananan jirage. Ba wanda zai iya kaiwa ƙarshen hanya ya komo kafin ruwa ya sake daskarewa, shi ya sa suke haɗuwa tsakiya a watan Yuli, a yi musanya, a biya lada, masu kamfani su yi lissafin shekara, a ci a sha, kowa ya juya. Na arewa ma raina na Montreal suke, suna kiransu maciya alade.

Ƙunshin kaya ɗaya kilo 41 ne, kuma biyu mutum ke ɗauka a baya, da maɗaurin fata da ya ratsa goshi. Wanda ya taɓa dakon buhu a kasuwar Maradi ya san abin da ake nufi. Ƙaba da ciwon baya sun nakasa da yawa cikinsu, wasu ruwa ya ci. Akwai baƙar fata ma cikin harkar: Pierre Bonga ya yi wa kamfanin aiki, ɗansa George, wanda uwarsa Ojibwe ce, ya zama sanannen ɗan kasuwa kuma tafinta, yana jin Ingilishi, Faransanci da Ojibwe.

Da aka shata iyaka bayan ƴancin Amurka, sai Grand Portage ya faɗa ɓangaren Amurka. Gudun kuɗin duwan ya sa kamfanin ya kwashe a 1803 ya koma inda birnin Thunder Bay yake yanzu. A 1821 ya haɗe da abokin gabarsa, kamfanin Hudson's Bay. Daga baya yayin malafar siliki ya shigo, kasuwar kastor ta faɗi, bayan an kusa ƙarar da dabbar a wurare da dama.

To yau me ake yi a bikin? An sake gina shingen katako da babban zauren kamfanin da ɗakin girki kamar yadda suke dā. Ɗaruruwan masu sha'awar tarihi kan kafa tantuna su kwana nan, su ƙyasta wuta da ƙyastu, maƙera su yi ƙira, a ɗinka jirgin ɓawo da saiwar itace a liƙe da ƙaro, a yi kiɗa da rawa. Baƙo na iya tsayawa ya yi tambaya, har a koya masa.

Sai dai ga Ojibwe wannan zamani ba wasa ba ne kawai. Ciniki ya kawo musu tukunya da bindiga, ya kuma kawo giya da bashi da agana, wadda ta yi ɓarna ƙwarai wajen 1781 zuwa 1782. A yarjejeniyar 1854 sun sallama mafi yawan ƙasarsu ta wannan gaɓa. Duk da haka su ne suka ba da filin da aka mayar wurin tarihi na ƙasa a 1958, kuma tun 1999 da su hukumar gandaye ta Amurka ke tafiyar da shi. A ranakun bikin suna yin nasu taron gargajiya da ake kira pawwaw, da manyan ganguna da rawa da girmama dattawa da tsofaffin sojoji. A ganina wanda ya je ya tsaya ga tantunan Turawa kaɗai, rabin labarin ya ji. Filin pawwaw ɗin ba nisa, kuma ana barin baƙi su shiga kallo, amma a nemi izini kafin ɗaukar hoton mai rawa.