Daga Lalube a Matan Fada Zuwa Tsumar Gilashi

Tun gabanin shekarar 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tara masa masunta domin girmamawa da tabbatar da sulhu tsakaninsu, Kabawa sun riga sun mallaki wani ilimi wanda ba a rubuta shi a allo, wato ilimin tafin hannu. Domin kuwa idan dubban jama'a suka faɗa kogin Matan Fada da homa da gora, ruwa yakan gurɓace har ido ya rasa fa'ida, sai masunci ya dogara ga tsumar da take biyo homa zuwa yatsunsa, da ita yake fahimtar ko giwan ruwa ne ya shiga ko kuwa reshe ya sarƙe. Masu lalube a wasannin kabanci, wato wasannin ruwa na Kabawa, su ma hannu tsura suke nutsewa da shi.

Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ba ta tozarta wannan baiwa ba. Madannanta suna da tudu, lamba 5 kuma tana da ɗan ɗigo, har ɗan kasuwar Birnin Kebbi yakan kira abokin cinikinsa ba tare da ya ɗauke ido daga mudu ba, makaho kuma, wanda lamarin ya fi shafa, ba ya bukatar kowa ya danna masa.

Amma a 2007 iPhone ta zo da gilashi sumul, sauran kamfanoni suka bi sahu, yatsa ya wayi gari yana taɓawa ba ya jin amsa; ni kam ina ganin hasara ce babba, ko da yake kaɗan ne suka ambace ta. Dabarar da masana suka fara yi domin maido wa yatsa amsa ita ce amfani da ɗan injin girgiza mai juya wani nauyi karkatacce, daga bisani suka koma ga maganaɗisun da ke kai da kawowa, irin wanda Apple ya sa a iPhone 6s a 2015. A 2016, shekarar da UNESCO ta shigar da bikin kamun kifi na Argungu cikin gadon al'adun duniya, aka fito da madannin da ba ya motsi sam, tsuma kaɗai ke shaida wa yatsa cewa ya danna.

Sai dai wannan tsuma taɓawa take tabbatarwa, ba ta bayyana abin da aka taɓa, saboda haka har yanzu makaho sai ya kunna muryar da ke karanta masa abin da ke ƙarƙashin yatsansa.