Tarihin Rabe-raben Gaɓoɓin Jiki da Sunayensu

Kalmar gaɓa a Hausa tana nufin mahaɗar ƙashi da ƙashi, tana kuma nufin yankin kalma a nahawu. Haka abin yake wajen Girkawa: kalmarsu artoron ta gaɓar jiki ce, amma masana nahawunsu sun ɗauke ta suka raɗa wa ƴar kalmar da ke rakiyar suna. Wannan nazari zai bi sawun yadda aka rarraba gaɓoɓi, da yadda sunayensu suka ƙetara daga harshe zuwa harshe.

Rabon farko da ya ɗore shi ne na Jalinus, likitan da aka haifa a Fergamon a shekara ta 129. A ɗan littafin ƙasusuwa da ya rubuta don masu koyo, ya kasa gaɓoɓi gida biyu bisa motsi: masu motsi a fili, da waɗanda motsinsu ba ya bayyana. Wasu daga cikin sunayen da ya yi amfani da su na kayan yau da kullum ne. Gaɓa mai lanƙwasawa da miƙewa, irin ta gwiwar hannu, ya kira ta ginglumos, wato ƙarfen da ƙyaure ke juyawa a kansa. Mahaɗar ƙasusuwan ƙoƙon kai ya ce mata rafe, wato ɗinki. Zaman haƙori cikin muƙamuƙi kuwa ya kamanta shi da gomfos, wato turke ko ƙusa.

A ƙarni na 9 Hunaini ɗan Is'haƙa da almajiransa suka juya littattafan Jalinus zuwa Suryananci da Larabci a Bagadaza. Abin lura shi ne Larabawa ba su ari waɗannan kalmomi ba, hoton da ke cikinsu suka fassara. A cikin Alƙanun, wanda Ibn Sina ya kammala a 1025, gaɓa iri uku ce: mai sauƙin motsi, mai wuyar motsi, da ɗaurarriya. Ɗaurarriyar kuma ko dai kafaffiya ce kamar haƙori, ko ɗinkakkiya kamar ƙoƙon kai, ko manniya.

Sai dai Jalinus birai da aladu ya fi feɗewa, don haka wani abin da ya faɗa na dabba ne. Ya ce muƙamuƙin ƙasa ƙashi biyu ne masu haɗuwa a haɓa. Wajejen 1200, bayan wata babbar yunwa a Masar, Abdullaɗif Albagadadi ya duba ƙasusuwan mutane masu ɗimbin yawa, ya ga ƙashi ɗaya ne ba mahaɗa. Andre Bezal ya sake tabbatar da haka a babban littafinsa da aka buga a Bazel a 1543.

Daga nan hankali ya koma kan abin da ke cikin gaɓa. A ƙarni na 16 Faraselsus ya ƙaga kalmar sinobiya, wadda ta zama sunan ruwa mai yauƙi da ke hana ƙasusuwa gogayya. A 1743 Wiliyam Hanta ya yi bayanin guringuntsin da ke rufe kawunan ƙashi. Saboda irin wannan bincike ne rabon yau ya dogara kan abin da ya haɗa ƙasusuwan: zare mai tauri kamar a ƙoƙon kai, guringuntsi kamar tsakanin ƙasusuwan gadon baya, ko jaka mai ruwa kamar a gwiwa. Wannan kashi na uku yana da iri shida bisa siffa, kuma siffar ce ke yanke motsi. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne cikin gurbi mai zurfi, kamar taɓarya a turmi, shi ya sa yake zuwa gaba da baya da gefe, yana kuma juyawa. Gindin babban yatsan hannu kamar mahayi ne bisa sirdi, shi ke ba shi damar taɓa sauran yatsu. An daidaita sunayen cikin Latinanci a Bazel a 1895, aka sake a Paris a 1955, sa'an nan a 1998.

Akwai matsala ɗaya da tarihin nan ya nuna mana. Kalmar Girkanci nuron da farko tana nufin igiyar nama ne, daga baya aka keɓe ta ga hanyar ji da motsi. Jijiya a Hausa har yau tana ɗauke da wannan nauyi, har da na hanyar jini. Maɗori ya san targaɗe daban, gocewa daban, karaya daban, amma ɗalibin likita yana bukatar ya rarrabe jijiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi daga wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, domin raunin kowace da irin jinyarsa. Hanyar da masu fassarar Bagadaza suka bi a buɗe take: ɗinki, turke, turmi da sirdi duk Hausa tana da su, saura aikin raba jijiya.