Daga Jakin Fatake Zuwa Sharon: Tarihin Gudu a Hanyar Mubi

Tun rasuwar wani maƙwabcinmu a hanyar Yola nake son in yi wannan rubutu, saboda a wurin zaman makoki kowa cewa yake hanya ce ba ta da kyau. Ni kuwa na san wurin da motar ta faɗi, domin na sha binsa. Kwalta ce sumul, babu rami ko ɗaya.

Kakana da ƙafa ya zo ƙasar nan daga Kano, shi da jakunansa, a zamanin da Mubi da Maiha ke cikin Arewacin Kamaru ƙarƙashin Turawan Ingila, bayan an karɓe yankin daga hannun Jamus a yaƙin duniya na ɗaya. Abin tsoron bafatake a lokacin shi ne ɗan fashi, da kura, da rafi in ya kawo. Ba a san mutum ya mutu don ya yi sauri ba. Ko bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, da yankin ya shigo Nijeriya aka kira shi Lardin Sardauna, manyan motocin da ke ɗaukar gyaɗa ba su da wani gudun kirki. Mahaifina yakan ce in ka hau gingimari daga Mubi, to ka tafi da guzurinka da tabarmarka, don ba ka san inda dare zai riske ka ba.

Shekarun 1970 ne suka juya komai. Ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama, kamar yadda maƙwabtanmu na Kamaru da Nijar suke yi. Sai kuɗin fetur ya shigo, aka shimfiɗa tituna, a 1975 kuma kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a Kaduna. Fijo 504 ta zama sarauniyar tasha. Mutumin da ubansa bai taɓa wuce saurin jaki ba, ga shi riƙe da sitiyarin abin da ke iya zarce kilomita 140 a awa, kuma wanda ya koya masa tuƙi shi ma a karen mota ya koya. Gawarwaki suka yi yawa har gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. Daga baya, a Fabrairun 2017, hukumar ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu. Mai karatu, in ka shiga Sharon a 'yan shekarun nan, kai ne shaida ko akwai ta ko babu.

To me gudun yake yi? A nan ɗan lissafin da muka koya a sakandare ya yi mini rana. Motar da ke tafiya a kan 120 tana cin mita 33 a daƙiƙa guda. Wato kafin direba ya hango saniya ta ɓullo daga daji, ya ɗaga ƙafa ya kai kan birki, ya riga ya ci tsawon gidaje biyu ko uku. Sannan in ka ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya ninki huɗu yake yi, ba biyu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 cikin 100 a gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4. Tsohuwar taya, da lodin da ya wuce kima, da gyangyaɗi, duk gaskiya ne suna jawo haɗari. Amma taya in ta fashe a kan 60 sai a sauka a yi faci, in ta fashe a kan 130 sai a nemo likkafani. Ko manya ba su tsira ba: fashewar taya ce ta kifar da motar Minista James Ocholi a hanyar Kaduna zuwa Abuja a Maris ɗin 2016, ya rasu shi da matarsa da ɗansa.

Abin da ba mu son faɗa shi ne, mu 'yan kasuwa muna da hannu a ciki. Daga Mubi zuwa Yola, ta Hong da Gombi da Song, kusan kilomita 200 ne, kuma kowa so yake ya je ya dawo a yini guda. Direba na da balas ɗin da zai kai wa mai mota. Tun bayan 2014 kuma, shekarar da Boko Haram ta shiga Mubi da Maiha muka watse, tsoron dare ya zauna mana a rai. Duk lokacin da aka ɓata a shingen bincike, a kan totur ake fanshe shi. Alhali a kowane kilomita 10, wanda ya yi 120 bai riga mai 80 da komai ba sai minti biyu da rabi. Doka ma 80 ta yanka wa motar haya a irin wannan hanya.

Watannin baya na rako kayan mahaifina daga Yola. Mu huɗu aka cusa a kujerar tsakiya, biyu a gaba. Muna wuce Gombi na leƙa allon direba, sai na ga allurar kwance take, ta daɗe da mutuwa. Iska kaɗai ke gaya mini irin gudun da muke yi. Na ce, “Direba, don Allah a ɗan sassauta.”

Bai ko waiwayo ba. Wani dattijo da ke gefena ne ya amsa. “Haba yaro, in kwananka ya ƙare ko a kan gado kake sai ka tafi.”

Na ce, “Gaskiya ne Baba, amma ai ko raƙumi an ce a ɗaure shi kafin a yi tawakkali.”

Aka yi dariya, wata hajiya a baya ta ce ita dai tana son ta riski Magariba a gida. Na ja bakina na yi shiru, na riƙe kujerar gaba da hannu biyu har Mararrabar Mubi.