Lahadin Matar Manomi

Ya ke 'yar'uwa, yaushe rabonki da hutu? Ban da barcin gajiya fa, wanda ake zubewa kan tabarma da zanen aiki a jiki. Ina nufin ki zauna shiru, hannunki ba tsintsiya ba muciya, zuciyarki tana wurin Allah. Daga ƙasar Gozaki da Kafur har Malumfashi da Funtua, wannan tambaya tana da nauyi, don ƙasa ce ta laka mai ba da auduga da dawa da masara, gona mai albarka kuwa ba ta barin mai ita ya zauna.

Tun zamanin kaka da kakanni, a gidajen Maguzawa na wannan yanki mace tana noma kamar namiji. Ta yi aikin gandun maigida, in an sallame ta daga gandu sai ta nufi gayaunarta. Ta dawo gida ga daka, ga ɗiban ruwa, ga itace, ga goyo a baya.

Ana nan sai bishara ta iso. Mishan ɗin SIM, wadda daga cikinta aka sami ECWA a 1954, ta kafa tasha a Malumfashi, Katolika su ma suka zo. Tun a 1932 kuwa aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Cikin abubuwan da sababbin masu bi suka koya har da ajiye fartanya rana ɗaya cikin bakwai. Dokar hutun nan da aka ba Musa ba maigida kaɗai ta ambata ba, ta haɗa da ɗa da 'ya, bawa da baiwa, baƙo, har da dabbar gida.

Sai dai fa hutun Lahadi bai zo wa manomi da sauƙi ba, ko a ƙasashen da suka riga mu. Masu bi na farko sukan taru ran Lahadi su yi sujada, sannan kowa ya kama aikinsa, don ranar aiki ce a daular Rum. Sai a shekarar 321 Sarki Kwanstantin ya ba da doka cewa alƙalai da mutanen birni da masu sana'a su huta ranar. Amma kin san wa ya ware? Manoma. Ya bar su su ci gaba da aikin gona, wai kada lokacin shuka ya wuce su. Sai a shekarar 538 taron bishof-bishof a garin Orleans na ƙasar Faransa ya hana huɗa da girbi da sussuka ran Lahadi, don mutanen karkara su sami zuwa sujada. Kin ga an yi shekara 217 kafin hutun ya kai gona.

To a nan wajenmu ya kai gona, amma ya kai madafa kuwa? Dubi Lahadin matar manomi. Ta tashi tun asuba ta hura wuta, ta yi wa yara wanka, ta isa majami'a tana haki. Ana wa'azi tana gyangyaɗi, ko tana lissafin kukar miya. A tashi, ga taron Zumuntar Mata, ga baƙi sun biyo maigida. Shi yana gindin bishiya ana hira, ita tana bakin murhu. Haba jama'a! Anya ita ma ta yi Lahadi?

Ki tuna da labarin Marta da Maryamu a Betanya. Yesu ya sauka gidansu, Marta tana ta kai da kawowa da hidima, Maryamu kuwa ta zauna tana sauraronsa. Da Marta ta kai ƙara, bai raina girkinta ba, damuwar da ta cika mata zuciya ita ya nuna mata. Shi kansa yakan tashi tun da sauran duhu ya keɓe ya yi addu'a, ya kuma taɓa janye almajiransa gefe su huta, don taron jama'a ya hana su ko cin abinci.

Saboda haka uwargida, kada ki ɗauki hutu lalaci ne. Macen da ba ta samun shiru, addu'arta takan zama ta gaggawa, bakinta ya yi zafi a kan yara, jikinta ya tsufa da wuri. Ki yi dakanki ki ɗebi ruwanki tun ran Asabar. Ki yi wa maigida magana cikin ladabi, a raba wa yara maza da mata aikin ranar. Bayan la'asar ki sami ko awa ɗaya, ki ajiye waya, ki zauna ke da Mahaliccinki. Ku kuma 'yammata, ku karɓi muciya daga hannun Inna ran nan, gobe ku ma za a karɓa muku.

Iyayenmu sun san gona ma tana gajiya, shi ya sa sukan bar ta ta zama saura kafin su sake noma ta. Balle ke 'yar Adam. Allah ya ba mu natsuwa a gidajenmu, amin.